Kafaɗar Rodion

Tun suna yara Rodion ke ɗaga Taisiya sama a gasar rawa kan ƙanƙara, har ta san kafaɗarsa fiye da kujerar gidansu. Ran nan da safe suna atisaye a Perm, tana can sama, sai ta ji kafaɗar tana karkarwa. In kociyarsu ta gane, za ta sallame shi ta nemo mata wani abokin rawa.

"Wa ya ɓata ɗagin nan?" in ji kociyar.

"Ni ce, Zinaida Pavlovna. Bayana ya gaji. Bana zan ajiye takalma."

Rodion ya raɗa wa Taisiya, "Maƙaryaciya."

"Yi shiru, tsoho. Kai za ka sayi shayi."

Suka zauna a benci, ta taya shi kwance igiyar takalminsa.