Burodin Alƙaliya

Shekara talatin da ɗaya Mai Burodi yana gashi, bai taɓa fitar da burodi shago ba sai matarsa ta yanke masa hukunci. Kowace safiya zai ɗauko na farko da zafinsa, ya ratsa tsakar gida daga ɗakin gashi, ya miƙa mata. Ta gutsuri gefe, ta tauna, ta yatsina fuska. "Gishiri ya yi kaɗan, Malam." Shi kuma ya ce, "Gobe zan ƙara," kuma bai taɓa ƙarawa ba. Yabo dai ba ya cikin bakin matar nan, shi ya sa yake kiranta Alƙaliya.

Sai ciwon suga ya kama ta, likita ya ce ita da fulawa sai kallo. Tun daga ranar, in ƙamshin gashi ya tashi sai ta rufe taga. Masu saye ba su ragu ba, amma shi ji yake kamar bango yake gasa wa. Kewar yatsinar fuskar nan ta ishe shi, ga shi ba abin da zai iya gaya wa mutane ba ne.

'Yarsu, wadda ke aikin jinya, ta kawo masa garin kwakwa da na riɗi da na gyaɗa, ta ce waɗannan sitacinsu kaɗan ne, likita ya yarda Mama ta ci daidai gwargwado. Za ta yi masa bayani ya ɗaga mata hannu. Shi za a koya wa gari?

Ya kwaɓa, ya murza, ya naɗe, ya buga a tebur yadda ya saba, yana jiran kwaɓin ya yi danƙo. Ina! Sai mai yake tsatsowa, kwaɓin yana wargajewa a hannunsa. Ya sa yis ya rufe da ƙyalle, abin ya ƙi tashi. Da ya fito daga wuta, in ka jefi kare da shi sai ka ɗauki alhaki.

Haka ya kai wa Alƙaliya. Ta tauna da ƙyar, ta yi murmushi. "Ya yi daɗi, Malam. Sannu da ƙoƙari."

Maganar nan ta yi masa ciwo sosai. Irin ta ake yi wa baƙo, ko wanda ake tausayi. Sau bakwai yana gwadawa, sau bakwai tana yaba masa, har ya fara tsoron miƙa mata farantin.

A karo na takwas 'yar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, hannunka ne matsalar. Garin nan ba shi da danƙo, ba ya son murza. Ƙwai ne zai riƙe shi. Ka juya da cokali kawai, ka ƙyale shi ya sha ruwansa."

"Cokali? Ni?"

"Kai fa, Baba."

Ya fasa ƙwai huɗu yana ƙunƙuni, ya juya, ya ajiye cokalin. Sai da ya harɗe hannuwansa a baya don kada su koma cikin kwanon. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa yin abu mai wuya kamar wannan tsayuwar ba.

Burodin ya fito ɗan ƙarami, bai tashi can ba, amma da ya danna shi da babban yatsa sai ya dawo. Ya ratsa tsakar gida da shi, ya miƙa wa matarsa.

Alƙaliya ta gutsuri gefe. Ta daɗe tana taunawa. Ta ƙara gutsura. Sai ga goshin ya tattare, hancin ya ɗage.

"Wai Malam, gishirin nan rowarsa kake yi ne? Shekara nawa ina faɗa?"

Ya juya da sauri yana goge ido da gefen riga, wai gari ne ya faɗa masa.

"Gobe zan ƙara," in ji shi.