Rabi Sau Rabi

Tambaya ta ƙarshe a jarrabawar lissafi ce ta tsaya wa Auta a wuya: x tana tsakanin sifili da ɗaya, a jera x da x² da 1/x daga ƙarami zuwa babba.

Yayanta ya koya mata dabara: in harafi ya ruɗa ki, sa lamba a madadinsa ki gwada. Ita kuwa kullum biyu take sawa, har ya zame mata jiki. Ta sa biyu, ta samu amsa, ta cike gurbin da fensir.

"A fara tattara takardu!" in ji mai sa ido.

Sai idonta ya koma kan tambayar. Me ya kawo biyu tsakanin sifili da ɗaya? Ta sa rabi. Rabi sau rabi, kamar Inna ta raba rabin sabulu gida biyu ranar wanki. Ashe ƙanƙancewa yake yi! Jerin ya juye gaba ɗaya.

Ta lalubi kilina don ta goge, babu. Ta ara wa ta bayanta, kuma waiwaye a ɗakin nan laifi ne.

Hannun mai sa ido ya sauka kan takardarta. Amsar daidai tana kanta, kuskuren ya bi takarda.