Mai Shara a Kwamfutar Alhaji Labbo

Wasila na shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta a Gusau. Binciken da aka ba ta shi ne ta gano waɗanne manhajoji suka fi yawa a kwamfutocin mutane: masu magana da na'ura kai tsaye, ko waɗanda wani tsari ke kula da su, yana kwashe musu tarkacen da suka bari a ƙwaƙwalwa. Ta bi shagunan buga takardu na Gusau da Tsafe tana dubawa, ba wanda ya ce mata don me. Sai da ta isa Bungudu.

Alhaji Labbo, dattijon da ke da shago a bakin tasha, ya ce sai ta yi masa bayani da Hausa. Ta duba kwamfutarsa, ta ce manhajojinsa goma sha ɗaya ne. Bakwai na gyara wurinsu da kansu, huɗu kuwa tamkar suna da mai shara.

Alhaji ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun da aka ɗora su, shekara shida ke nan.

"Shekara shidda wanga bawan Allah na aiki cikin shagona," in ji shi, "ko sannu ban taɓa ce mai ba."

Wasila ta yi ta faɗin ba mutum ba ne. Alhaji ya ce ya gane sarai, amma aiki aiki ne. Mamman mai gyaran rediyo ya kara kunne a jikin kwamfutar, ya tabbatar da ya ji motsin tsintsiya. Dije mai fura ta ce ita bakwai ɗin nan suka burge ta, da gani sun samu tarbiyya. Nan take Alhaji ya yanke cewa ba za a ƙara kunna kwamfutar ranar Juma'a ba, don mai shara ya huta, ya kuma sa Wasila ta buga takardar ban-haƙuri ta adana a ciki. Tun tana danne dariya har ta tsinci kanta tana gyara kalmomin don su yi daɗi.

Kafin la'asar aka fara kawo mata kwamfutoci a baro, kowa na son jin ko yana da baƙo. Wanda aka samu tasa da mai shara a yi masa barka. Wani malamin makaranta da ba a samu ko ɗaya a tasa ba ya roƙi ta sake dubawa har sau biyu.

Ta koma Gusau da bayanan kwamfuta talatin da bakwai, da zabi biyu da aka ba ta kyauta. Malamin da ke duba aikinta ya yaba ƙwarai, ya karɓi zabuwa ɗaya.