Yatsu Uku a Ƙarƙashin Maɗauri

Ranar Litinin aka gwada Malam Halliru a bakin madatsar Goronyo, kuma ya faɗi. Bara'atu tana tsaye a kan dakalin siminti da takardar kaya a hannu, ta ga komai. Yana busa wa jakar bayansa iska sai kayan suka haye sama, kan tulun iska ya bugi ƙeyarsa, fuskarsa ta kife cikin ruwa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana share ragar ƙarfen ƙofofin dam da numfashinsa kaɗai, dutse a hannu ɗaya, igiya a kugu, shi ne aka jawo zuwa gaɓa yana tari.

Attahiru, shugaban masu nutso na kamfanin da aka ba kwangilar duba ƙofofin, bai ɗaga murya ba. Ya ce an daina shiga ruwa da dutse, kowa sai da kayan zamani. Zai sake gwada Malam Halliru ranar Alhamis, in ya kuma faɗuwa sai a kawo wani daga Rabah, domin manoman albasa da tafarnuwa na Wurno suna jiran a saki ruwa, ba za a saki ba kuwa sai an share ragar.

Bara'atu ta san ba ƙarfin mahaifinta ne ya gaza ba. Laifinta ne.

Wajen zaɓen kaya ba ta yi kuskure ba. Ta karanta aikin ruwa a jami'a, kamfanin ya tura ta Legas ta koyi nutso, aka damƙa mata kula da kayan kowa. A ɗakin ajiya akwai farantin baya iri biyu, wato allon ƙarfen da ake ɗaura wa tulun iska ya zauna a bayan mai nutso. Ta ajiye na alminiyom marar nauyi ta ɗauko mai nauyin, saboda mutumin da ya saba sauka da dutse zai fi jin daɗin nauyi shimfiɗe a bayansa, hannuwansa biyu a sake. Jakar iskar da ke shiga tsakanin faranti da tulu, wadda suke kira fiffike, ita ma ta zaɓi ƙarama. Abokan aikinsa sun so a ba shi babbar, wai dattijo ne, bai kamata a ba shi ta yara ba. Ta yi musu bayani a hankali cewa babbar ta tulu biyu ce, a kan tulu ɗaya naɗewa take yi ta riƙe iska a inda ba za ta fita ba.

Wajen ɗaurawa ne abin ya lalace. Bara'atu 'yar fari ce. Tun tana shekara biyu aka kai ta Wurno wurin Inno, kakarta ta wajen uba, kuma har yau Malam Halliru bai taɓa kiran sunanta ba. In ya zama dole ya ambace ta sai ya ce ɗiyar Inno. In ta gaishe shi yakan amsa yana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ita ma ta taso a cikinta. Don haka ranar awo ta tsaya nesa da shi taku uku, shi kuma ya sa kayan a kan rigarsa da falmaran. Ta tambayi iska ko ya yi daidai, ya amsa wa iska cewa ya yi. Maɗaurin da ke ratsawa tsakanin ƙafafu, wanda shi ke hana kayan hayewa sama, bakinta ya kasa ambatonsa. Shi kuma ya ga yana lilo, ya naɗe shi ya cusa a bayan faranti. Haka ta sa hannu a takarda cewa kaya sun zauna.

Da safiyar Talata ta hau mota zuwa Wurno. Ta tarar da Inno tana gyaran wake a tsakar gida, ta zauna ta faɗa mata komai, har da maɗaurin. Inno ta yi dariya har sai da ta ajiye faifan.

"To ke mi kike so in yi? In shiga ruwan a madadinai?"

Bara'atu ta ce a'a, so take ta zo Goronyo ta zauna a tsakaninsu. Inno ta ce ita dai ta haifi ɗa ta goya shi, ba ta san wata rana za a ce ta koya mishi goyon tulu ba. Amma ta tashi ta ɗauko mayafinta.

Laraba bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zauren gidan Malam Halliru a Goronyo. Bara'atu ta jera kayan, ta ce wa Inno ta gaya wa Baba ya sa rigar robar da zai shiga ruwa da ita, ba ta gida ba. Inno ta juya ta maimaita, duk da cewa yana zaune ya ji. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito a matse cikin baƙar riga, idonsa a kan ƙofa. Sai yanzu Bara'atu ta ga yadda ya rame a kafaɗa. Rigar gida da falmaran sun ɓoye mata kusan taƙi guda.

Ta fara sa kayan a jikinta, a kan doguwar rigarta, ta nuna komai tana magana da Inno. Maɗaurin guda ne dogo, yana ratsa ramukan faranti daga kafaɗa zuwa kugu, in an ja nan sai can ya motsa. Hannu ya kai saman faranti ta bayan wuya ba tare da wahala ba. In an buɗe hannuwa aka lanƙwaso su zuwa ƙirji, inda babban yatsa ya sauka nan zoben rataye kaya zai zauna. Tsakanin maɗauri da kafaɗa kuwa, yatsu uku ne za su shiga, ba biyu ba, ba huɗu ba. Sannan ta zaro maɗaurin ƙasa ta ratsa da shi ta saƙala a na kugu, ba ta ɗaga kai ba.

Malam Halliru ya sa kayan. Inno ta tashi da ƙyar ta cusa yatsunta a kafaɗarsa, ta ce uku cif. Bara'atu ta dubi yatsun. Siraran yatsun tsohuwa ne, kuma ta karkata su, ga maɗaurin yana rawa. A hagu ma ya fi na dama sakewa. Ta ce wa Inno a ƙara ja. Inno ta ja inda bai kamata ba, farantin ya karkace.

Bara'atu ta tuna da takardar da ta sa wa hannu, da ƙarar da tulun ya yi a ƙeyarsa. Ta tashi. Taku ukun nan ta yi su, ta tsaya a bayansa ta kama farantin da hannu biyu ta daidaita shi. Ta ji ya sandare kamar itace. Ta zare maɗaurin daga rami, ta rage, ta mayar, ta zagayo gabansa ta sa yatsunta uku a ƙarƙashi. Ta sake ragewa. Ta gangaro da zoben hagu kaɗan.

Saura maɗaurin ƙasa, yana lilo a bayan gwiwoyinsa. Ya ce wa Inno wannan ba dole ba ne, shi ya san ruwa.

Bara'atu ba ta juya wajen Inno ba.

"Baba, wanga shi yas sa tulu ya buge ka. Ni ban hwaɗa maka ba, laihina na. In ba ka ɗaura shi ba, ba ni sa hannu gobe, ko da aikin zai tahi."

Inno ta ce, "Halliru, ka ji likita. Ɗaura, kowa ya rintse ido." Ita kaɗai ta rintse. Ya sunkuya ya jawo maɗaurin ya saƙala. Bara'atu ta kama saman farantin ta ja sama da iyakar ƙarfinta, bai motsa ba. Ta sa shi ya sunkuya, ya miƙe, ya kai hannu baya ya taɓa makunnin tulu. Sau biyu suka kwance komai suka sake, har aka kira magariba.

Ranar Alhamis da hantsi ta sake sa yatsunta a kafaɗarsa a gaban kowa kafin ta sa hannu a takarda. Ya shiga ruwa, ya busa iska, kayan suka zauna a inda suke, kansa a sama. Ya saki iskar ya nutse tare da Attahiru. Ruwan dam ja ne, ba a ganin komai sai kumfa. Ta bi kumfar da ido tana tafiya a hankali zuwa inda aka sa alama a kan ruwa, ta tsaya can, ta dawo. Minti goma sha takwas.

Attahiru ne ya fara fitowa. Ya cire abin bakinsa ya ce dattijon nan yana kwance cikin ruwa kamar a kan gado, a rubuta shi cikin masu share raga ranar Asabar.

Malam Halliru ya hawo tsani ruwa yana zuba daga jikinsa. Ya kwance kayan ya ɗauko farantin, ya zo har inda take. Babu Inno a nan da za a bi ta kanta. Ya dubi dam, ya dubi farantin, sannan ya nuna maɗaurin dama.

"Nan shina ɗan cin kafaɗa in na miƙa hannu. Ki sassauta shi kaɗan kahin Asabar."

Ta ce to. Ta karɓi farantin ta zauna a kan dakalin, ta fara zare maɗaurin daga raminsa, shi kuma ya tsaya a gefe yana jira ta gwada.