Tafin Hannu Ɗaya na Ɓawon Mangle

A ƙauyenmu na gaɓar Campeche ba wanda ya taɓa karya dokar mangle, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Dokar ta kakanni ce: in za ka rina tarunka don kada gishiri ya cinye shi, ka ɓare ɓawon itacen faɗin tafin hannu, gefe guda, ka bar masa sauran ya rayu. Kowa kuma ya san ɓawon da ya fi ja shi ne na itatuwan da ke tsaye cikin ruwa a gaban maƙabarta. Sai kowane gida ya je can ya yanki rabonsa, ya dawo hankali kwance. Yanka ya haɗu da yanka har aka zagaye kututturen. Itatuwan suka bushe a tsaye, saiwoyinsu suka ruɓe, teku ta samu hanya.

Kabarin Nieves, 'yar goggona Casilda tilo, shi ne na bakin ruwa. Duk sanda ruwa ya janye, Goggo na cikin laka har gwiwa tana kakkafa 'ya'yan mangle, dogayen nan masu kama da kuɓewa. Ruwa ya dawo ya kwashe su.

Na ce, "Goggo, ƙananan ba sa kamawa sai a bayan manya. Ke kika koya mini."

"To malama, na ji. Miƙo kwandon."

Ƙanenta, Kawu Evaristo, ya ce daga cikin kwalekwale, "Yaya, mu tono Nieves mu kai ta tudu mana."

"Wane tudun? Garin nan ko'ina ka haƙa, ruwa ne. Ko a kan sanƙonka za mu binne ta?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai na rasa wanda zan zaga.

Ranar tunawa da matattu muka kai wa Nieves abincinta bisa al'adarmu, muka tarar kan gicciyen kabarinta kawai ke leƙowa daga cikin ruwa. Goggo ta rasa inda za ta ajiye kwanon. Ta daɗe tana duban busasshen kututturen da ke kusa, sannan ta ɗora tafinta a kan wani tsohon yanka. Ya yi daidai.

Ta ce, "Nan na ɗiba na rina ragar kwanciyarta, wadda muka naɗe gawarta a ciki. Ɗaya tak na yanka, Evaristo, kamar yadda aka ce."

"Na sani, Yaya," in ji shi. "Na kusa da shi nawa ne."