Mai Zane da Bututun Roba

"Fenti ne, kafinta, daina zare min ido," in ji mai zane, yana cusa ƙyallen da ya yi tari a ciki a ƙarƙashin cinyarsa.

Na riga na gani. Da shuɗi yake aiki ranar, abin da ya tofar kuwa ja ne.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanin shagona da ɗakinsa, ni nake haɗa masa katakon da yake ɗaura yadin zane. Da buroshi ya fara, yana zana fuskar mutum har ka ji kamar ka gaishe ta. Da ya gaji, ya koma kwaɓa fenti da yashi, da tsatsar kwanon rufi, da garin katakon da nake sharewa. Akwai shekarar da ya riƙa babbake yadin da kyandir, sau biyu muna kashe masa gobara. Dariya muke yi masa. Amma da hannuwansa suka fara rawa, ya samo siririn bututun roba yana zuƙo fenti da baki yana fesawa, sai dariyar ta ɗauke.

"Rabinsa cikinka yake tafiya," na ce.

"To, ciki ma ya yi kyau mana." Ya riƙo bakin rigata. "Don Allah kar ka gaya wa 'yar nan tawa. Saura kaɗan in gama."

Na yi shiru da bakina. Kwana huɗu ina aiki kunnena na jikin katanga. In ya yi tari gabana ya faɗi, in bai yi ba in ajiye zarto in kasa kunne.

Rana ta biyar da hantsi 'yarsa ta faɗo shagona, kwanon abinci a hannunta.

"Kawu, Baba ya sa sakata, ina ta bugu bai amsa ba."

Na ɗauki guduma. Sai a bugu na uku ƙofar ta buɗe. Warin fenti ya shaƙe mu. Yana kwance a gefen kujera, leɓunansa duk rawaya, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan ƙarfe a siminti.

"Baba! Kawu, yaushe ya fara haka?"

Na kasa kallonta. "Ya kwana biyu," na ce.

Mun sa shi a motar maƙwabci, kansa a cinyata. Kafin mu kai ƙofar asibiti ƙarar nan ta tsaya, direba ya rage gudu ba wanda ya ce masa komai.

Da la'asar 'yarsa ta aike ni in rufe ɗakin. Zanen na jingine da bango, bai bushe ba. Wani ɗigon rawaya yana gangarowa a hankali daga tsakiyarsa. Na tsaya riƙe da kwaɗo har ya kai ƙasa.