Faifan Korar Ƙuda

Fuskar tsohuwar ta fara saukowa a allon kwamfuta daga sama: ɗankwali, goshi, sannan gira. Kafin idanu su fito, allon ya ƙifta sau biyu, ya rikiɗe ya koma shuɗi, fararen rubutu suka jeru a kansa.

Karo na huɗu ke nan tun safe. Hephzibah, mai buga takardu a shagon, ta janye hannunta daga kan maus ta ɗora a cinya. A bayanta mata uku ne tsaye cikin anko, sun zo daga Unguwar Boro don su duba kalandar cikar Zumuntar Matan cocinsu shekara ashirin da biyar. Hotuna sittin da biyu ne a cikinta. Tun watan Satumba Hephzibah ta shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kowace mace ta karɓi nata ta tafi. Na tsakiya shi ne na Kaka Rifkatu, wadda ta kafa zumuntar, mahaifiyar shugabarsu ta yanzu, Mama Dorcas, wadda ke cikin matan ukun. Sau ɗaya tak marigayiyar ta taɓa yarda aka ɗauke ta hoto. Bayan an mayar da shi gida Zonkwa, ruwan ƙarshen damina ya yaye kwanon ɗakin, hoton ya jiƙe ya manne da gilashinsa, da aka ɗaga sai fuskar ta biyo gilashin. Yanzu duk duniya babu inda fuskar nan ta rage sai cikin wannan kwamfuta, kuma girman hoton ya fi ƙarfin filofi, ɗan faifan kwashe takardu, balle a kwafe shi a ajiye.

Oga Kenneth, mai shagon, ya riga ya aika a kira Injiniya Wilson. Tun da soja suka koma bariki aka fara buga fostocin 'yan siyasa ya buɗe wurin a Sabon Tasha, kuma duk lokacin da kwamfutar ta yi tari, Wilson ake nema. Ya iso a kan babur da jakarsa a kafaɗa, ya gaishe da iyaye mata har ƙasa, ya ciro faifansa guda ɗaya da aka yi wa rubutu da jan alƙalami. Ya ce da wannan faifan yake yi wa kowace kwamfuta magani daga Kakuri har Gonin Gora. Ya dubi shuɗin allon kamar tsohon abokinsa, ya ce cuta ce ta shige ta, fomat kawai za a yi.

Mama Dorcas ta tambaya mene ne fomat. Wilson ya ce ai kamar sharar ɗaki ne, a fitar da datti a shimfiɗa sabuwar tabarma.

Hephzibah ta dubi kibod ɗinta. Ta karanta kimiyyar lissafi a jami'a a Zariya, amma a shagon nan mai buga takardu ce, kuma a wata bakwai da ta yi ba ta taɓa yi wa kowa musu ba. Sai dai akwai wata 'yar takarda a ƙarƙashin kibod ɗinta, inda take rubuta lokacin da kwamfutar ta tsaya da abin da take yi a sa'ad da ta tsaya. Kwamfutar ba ta taɓa tsayawa ana buga wasiƙa ba. Sai an buɗe babban hoto. Kuma layin farko na takardar ya faɗo ne washegarin ranar da Wilson ya canja katin hoto, wannan ɗan allon da ke cikin kwamfuta mai aika hoto zuwa fuskarta, bayan tsohon ya ƙone.

Wilson ya tura faifansa ciki, ya gyara zama.

"Mama," in ji Hephzibah, muryarta ƙasa-ƙasa, "sharar nan har da Kaka za ta kwashe."

Mama Dorcas ta ɗora tafin hannunta a kan kibod ta bar shi a wurin. Oga Kenneth ya fara bayanin cewa injiniya ya san aikinsa, ita kuwa ta juya ga Hephzibah.

"'Yata, kin san wata hanya?"

"Ina zato, Mama. A ba ni minti goma."

Wilson ya yi dariya, ya ce a ba ta awa ma, ya tashi ya jingina da ƙofa. Hephzibah ta cire faifansa ta ajiye a gefe da ladabi, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, tana danna maɓallin F8 a kai a kai. Kwamfutar ta tashi a yanayin lallaɓawa, wanda take ajiye duk wani ƙarin kaya ta yi aiki da abin da ya zama dole kawai. Rubutu ya yi ƙato-ƙato, launuka suka dusashe. Ta buɗe hoton. Ya fito dabbare-dabbare kamar atamfar da ta zuba, ba a ko gane hanci, amma ya sauko har ƙasa, allon kuma bai koma shuɗi ba.

Matan suka matso har numfashinsu na taɓa wuyanta. Magana ta ɓalle wa Hephzibah, ita kanta ta yi mamakin saurinta. Ta ce hoton lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ma haka. Kowane katin hoto yana zuwa da 'yar manhajarsa da ake kira direba, wadda ke yi masa tafinta da kwamfuta. An sa sabon kati, amma tafintan tsohon ne har yanzu a ciki. Ƙananan saƙonni yana lallaɓawa ya isar, da an kawo babban hoto sai ya rikice, komai ya tsaya. Ta nuna musu sunan da kwamfutar ta rubuta, sannan ta jawo kwalin sabon katin daga kan kanta, inda Oga yake zuba robobin ɗaure takarda. Sunayen biyu ko harafin farko ba su haɗa ba.

Ta tambayi inda faifan da ya zo cikin kwalin yake. Oga Kenneth ya sosa ƙeya. Ya ce injiniya ya gaya masa waɗannan fayafan na cikin kwali ado ne kawai, nasa ya wadatar. Don haka duk faifan da ya zo, Mama Oluchi yake ba wa.

Kowa ya juya ya dubi tsallaken titi. A rumfar Mama Oluchi mai shinkafa, fayafai bakwai ne rataye da zare a saman tukwane, suna juyawa suna watsa hasken rana, wai don su kori ƙuda.

Hephzibah ba ta san lokacin da ta tsallaka titin ba, mata uku na biye da ita suna riƙe da bakin zane, wata bas na yi musu hon. Mama Oluchi ta saurari bayanin da ludayi a hannu. Ta ce ita ba ta hana ba, amma rana ta take, yanzu ne ƙudan Sabon Tasha suke fitowa cin abinci, kuma duk faifan da aka cire nan za su bi su shigo. Ɗaya daga cikin matan zumunta ta zaro mafici daga jakarta, ta tsaya a kan tukunyar miya ta ce ta karɓi aikin faifan. Masu cin abinci suka fashe da dariya, wani ya matsa ya ba Hephzibah benci.

Ta hau, tana kama fayafan ɗaya-ɗaya tana karantawa. Na biyar ne. Hayaƙi ya dafe shi, manja ya fantsama a bayansa, ga wani ɗan karce kusa da baki. Ta tsinke zaren da haƙori.

A bayan shago ta wanke shi da sabulu da ruwa. Ta aika Oga Kenneth da kansa ya sayo man goge baki, ya tafi kuwa da gudu-gudu. Ta shafa kaɗan a kan karcen, ta ɗauraye. Mama Dorcas ta miƙo gefen ɗankwalinta, Hephzibah ta goge faifan daga tsakiya zuwa baki, a hankali, har ta ga idanunta a ciki.

Ta cire tsohon direban daga kwamfutar, ta saka faifan. Ya yi ƙara kamar keken ɗinki, wani shuɗin layi ya fara tafiya a allon. Ya wuce rabi, sai ya tsaya. Ƙarar ta canja, faifan yana komawa wuri ɗaya yana sake gwadawa. Wilson ya bar ƙofa ya matso. Leɓɓan Mama Dorcas suna ta motsi. Layin ya yi tsalle, ya ƙarasa.

Kwamfutar ta mutu ta sake tashi, launuka suka dawo tas. Hephzibah ta goge gumin tafinta a siket, ta buɗe hoton.

Ɗankwali. Goshi. Gira. Sai idanu, ƙanana masu kaifi, suna kallon mai hoto kamar ba su yarda da shi ba. Sai tsage biyu a kowane kunci, da bakin da ya matse dariya. Hoton ya sauko har kan hannayen da ke riƙe da littafin waƙoƙi. Hephzibah ta ƙara girmansa, ta rage, ta sake ƙarawa har ido ɗaya ya cika allon, tana jiran shuɗin nan da gangan. Bai zo ba.

Mama Dorcas ta kai yatsa kusa da gilashin, ba ta taɓa ba.

"Ga ta nan," ta ce. "Haka take kallonmu in mun makara."

Matar da ke gefenta ta ɗauko wata waƙar zumunta a hankali. Daga tsallaken titi mai mafici ta ji, ta amsa da ƙarfi, ta bar miya ta taho. Oga Kenneth yana ta tafi yana faɗa wa mutanen da suka taru a ƙofa cewa shi dama ya san yarinyar nan ba ƙaramar kwanya gare ta ba. Hephzibah ta sunkuyar da kai, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa. Kafin ta taɓa kalandar, ta sa takarda mai kauri ta buga hoton Kaka shi kaɗai, har guda uku. Mama Dorcas ta jira tawadar ta bushe, ta sa su a tsakiyar Littafi Mai Tsarki, ta rungume shi a ƙirji.

Wilson ya ɗauki kwalin katin yana juya shi. Can ya tambayi Hephzibah, ba tare da ya dube ta ba, wane maɓalli ne ta danna da farko. Ta gaya masa. Ya rubuta a tafin hannunsa.

Ana cikin haka Mama Oluchi ta bayyana a ƙofa da guntun zare a hannu, ta ce mai gadin miyarta ta gudu, a ba ta faifanta. Hephzibah ta riga ta mayar da shi kwalinsa, ta ɗaure da roba biyu, ta ɗora hannu a kai. Ta girgiza kai.

Washegari da safe, da ta sauka daga bas, ta tsaya ta ƙirga. Fayafai bakwai ne ke juyawa a saman tukwanen Mama Oluchi. Na biyar ɗin faifan Wilson ne, mai rubutu da jan alƙalami.